SANIYA MAI YUNWA DA ƊUMAMAR YANAYI

Jawabin da ɗaya daga cikinmu, likitan dabbobi mai ritaya, ya gabatar a babban taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai



Da farko ina godiya ga kwamitin shirya taro da ya ga dacewar a ba ni wannan dama. Ranar da Sakatare ya kira ni ya ce ana so in yi magana a kan kiwo da sauyin yanayi, na tambaye shi ko an rasa farfesa ne a cikinmu, alhali kuwa muna da su da dama. Ya ce ba a rasa ba, an dai duba ne aka ga ni kaɗai na yi shekara 35 ina bin bayan shanu. To, ba ni da ta cewa.

Bari in fara da tuna mana wani abu. Duk wanda ya kwana a makarantar nan ya san langalanga. In ka makara zuwa aji, langalanga. In aka kama ka kana Hausa a lokacin Turanci, langalanga. Mun yanke ciyawar filin nan tun daga bakin ƙofa har bayan ɗakin cin abinci, gamba da kyasuwa da harƙiya, mu tara ta tsibi-tsibi, in ta bushe a cinna mata wuta. Malaminmu na aikin gona, Allah ya jiƙansa, yakan tsaya yana kallon hayaƙin ya ce, "Ga nono can yana tashi sama." Mu kuwa sai mu yi ta dariya a ɓoye muna cewa tsufa ya kama Malam. Sai da na yi furfura na gane abin da yake nufi, kuma jawabina na yau bai wuce fassarar wannan magana tasa ba.

HAƊIN SANIYA DA ZAFIN DUNIYA

Jama'a, akwai wasu nau'o'in iska da ke taruwa a sararin sama su zama kamar mayafi, su hana zafin rana komawa inda ya fito. Babbarsu ita ce iskar kabon, wadda ke fitowa daga ƙona man fetur da kwal da itace. Mai bi mata ita ce iskar metan, kuma a nan ne saniya ta shigo cikin zance.

Cikin saniya kashi huɗu ne, mafi girmansu shi ne tumbi. Tumbin nan kamar randar tsimi yake, cike da ƙananan halittun da ido ba ya gani, waɗanda ke narkar da ciyawa su mai da ita abin da jikin dabba zai amfana da shi. A wajen wannan aiki ne metan ke samuwa, saniya kuma ta fitar da mafi yawanta ta hanyar gyatsa. Haka abin yake ga tumaki da awaki da raƙuma. In aka auna tsawon shekara 100, metan ta fi iskar kabon riƙe zafi kusan sau 28. Sauƙin abin shi ne ba ta daɗewa a sama, kimanin shekara 12 take yi ta watse, saboda haka duk ragin da aka yi yau za a ga amfaninsa tun muna raye. Wannan ne ya sa a taron Glasgow na 2021, ƙasashe sama da 100, har da Nijeriya, suka yi alkawarin a rage metan ta duniya da kashi 30 cikin 100 kafin 2030.

Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2013 cewa kiwo ne ke da alhakin kashi 14.5 cikin 100 na dukkan iskar da ɗan Adam ke fitarwa mai ɗumama duniya. A 2023 ta sake lissafi ta ce kimanin kashi 12 ne. Ko wanne aka ɗauka, ba ƙaramin kaso ba ne.

Amma fa dole a yi wa makiyayinmu adalci. Nahiyar Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na hayaƙin man fetur da kwal na duniya. Metan da farar saniyarmu ke fitarwa a shekara ba ta kai rabin ta saniyar madara ta Amurka ba. Bugu da ƙari, wasu masana na Faransa da Senegal sun auna shiga da fitar kabon a makiyayar Ferlo da ke arewacin Senegal, suka tarar cewa abin da itatuwa da ƙasar wurin ke zuƙewa yana biyan abin da dabbobin ke fitarwa. Wato makiyaya mai lafiya tana biyan bashin shanunta da kanta.

To, in haka ne, me ya dame mu? Abu biyu ne. Na farko, zafin bai tambayi wanda ya hura wutar ba. Mu da muke aji uku a 1973 mun ga mushen shanu a gefen hanya lokacin da muke tafiya hutu, mun kuma sake gani a 1984. Yanzu ruwan ya dawo, amma da wata fuska: binciken da aka buga a 2017 ya nuna cewa manyan guguwowin ruwa a yankin Sahel sun ninka sau uku daga 1982. Irin wannan ruwa in ya sauka a ƙasar da ba ta da sutura, ba ya shiga, kwashe ta yake yi. Na biyu, makiyayarmu ba ta da lafiyar da za ta biya bashin. Abin da nake so ku tafi da shi yau shi ne, duk abin da zai rage illar kiwo ga yanayi, shi ne dai abin da zai cika ƙwaryar nono, ya kuma rage zubar da jini tsakanin manomi da makiyayi. Magani ɗaya ne ga cuta uku.

LISSAFIN SANIYA MAI YUNWA

Metan ɗin da saniya ke gyatsawa abinci ne da ya salwanta. Cikin kowane kashi 100 na ƙarfin da ke cikin ciyawar da ta ci, kusan kashi 6 ne ke tafiya a iska, kuma gwargwadon taurin ciyawa da rashin daɗinta, gwargwadon ƙarancin abin da dabbar ke samu.

Kowa ya san yadda shekarar saniya take a ƙasar nan. Daga Yuli zuwa Oktoba ta tara nama, daga Janairu zuwa Mayu ta zubar da shi. Dalili kuwa, furotin da ke cikin busasshiyar ciyawar rani yakan faɗi zuwa kashi 2 ko 3 cikin 100, alhali halittun tumbi suna bukatar kimanin kashi 7 kafin su yi aiki sosai. Sai ka ga saniya ta cika ciki da kara, tana tuƙa dare da rana, amma haƙarƙarinta a waje. A duk watannin nan ba ta daina gyatsa ba. Nono da nama ne kawai suka tsaya.

Mu ɗauki ƙarsana biyu, alal misali. Ta farko ta tashi cikin yunwar rani, kamar yadda mafi yawan shanunmu ke tashi, ba za ta yi haihuwar fari ba sai ta shekara 5, daga nan kuma sai bayan shekara biyu-biyu. In ta kai shekara 12, maruƙa 4 ta ba ka. Ta biyu ta samu harawa da ɗan dusa da gishiri a rani, ta haihu tana shekara uku da rabi, ta ci gaba da haihuwa duk bayan wata 15. A shekara 12 ta ba ka maruƙa 7. Gaskiya ne ta biyun ta fi cin abinci, ta kuma ɗan fi fitar da metan, amma in ka raba a kan kowane maraƙi da kowace ƙwaryar nono, za ka ga ta farko ce mai ɓarna. Haka nan san da ya kai kasuwa a shekara 4 ya tsere wa wanda ya kai a shekara 7 da gyatsar shekara uku cur.

Saboda haka saniya mai yunwa ita ce ta fi cutar da yanayi, ita ce ta fi cutar da aljihun mai ita, ita ce kuma ke kutsawa gonar mutane.

KUSKUREN DA NA TAFKA

Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Kafin in hango na kowa, bari in sauka daga kan nawa.

Da ritaya ta matso, na yi abin da da yawa daga cikinmu suka yi: na sayi gona, kadada 15, a wani ƙauye da ba zan ambata ba. Na ɗauko katafila ta tumɓuke duk abin da ke tsaye, gawo da kalgo da sabara da marke, na zagaye wurin da waya, na shuka masara. Ana cikin kafa wayar sai ga wani tsohon arɗo wanda na sha yi wa shanunsa allura tun zamanin bushiyar 1983. Ya dube ni ya ce, "Likita, kai ma?" Ya nuna mini cewa gefen gabas na gonar burtali ne, ta nan shanu ke bi zuwa rafi tun zamanin kakansa. Na fito da takardata mai hatimi na nuna masa. Ya ce, "Likita, saniya ba ta karatu." Ya juya ya tafi.

A damina ta biyu, wani garke da ya tarar da waya ya karkata ya bi ta gonar waken wani talaka maƙwabcina. Aka yi faɗa, aka sare wani yaro ɗan shekara 14 a hannu, hannun da har yau ba ya miƙewa. Aka je kotu, aka ci tarar makiyayi, aka ɗaure ɗan manomi. Ni da na toshe hanya, ko sunana ba a kira ba. Ita kuwa gonar, shekara uku ta yi tana ba ni masara, daga nan amfani ya fara raguwa, ruwa ya kwashe ƙasar sama, kwari ya tsaga tsakiyarta. Kabon da saiwoyin ciyawa da itatuwa suka shekara da shekaru suna tarawa a ƙasar nan, ni na buɗe masa ƙofa da garma ya tashi sama.

Abin kunya na biyu, ina da shanu 32 a hannun wani makiyayi. Wata bazara na je dubawa na tarar da uku ba sa iya tashi sai an ɗaga su. Shanun likitan dabbobi ke nan. Da na yi masa faɗa, sai ya tambaye ni yaushe rabon da in aiko da kuɗin dusa. Na rasa amsa. Na san kuɗin makarantar 'ya'yana har kwabo, amma ban taɓa sanin abin da shanuna ke ci a watan Afrilu ba.

Daga baya na janye wayar gabas na buɗe burtalin, na hana a ƙara taɓa kututture a gonar, na sayar da shanu 9, guzame da bijimai da waɗanda suka daina haihuwa, na gina rumfar harawa da kuɗin. Ba zan ce na yi arziki ba, amma shanu 23 da suka rage suna ba ni maruƙan da 32 ba su taɓa ba ni ba. Hannun yaron nan ne kaɗai na kasa gyarawa.

HANYOYIN GYARA

Hanya ta farko ita ce tanadin abincin rani. Ciyawa ta fi amfani in aka yanke ta tana gab da fure, wajen ƙarshen damina, aka shanya aka adana a inuwa. Harawar wake da ta gyaɗa, ƙowa, dusa, angurya, duk muna da su, sai dai mukan bar su a rana da ruwa har su lalace. Cibiyar IITA da ke Kano ta fitar da irin wake mai ba da ƙwaya da harawa tare. Cibiyar Binciken Dabbobi ta Shika, kusa da Zariya, ta daɗe tana aiki a kan ciyayi irin su gamba da lablab. A shekarun 1980 an gwada abin da aka kira bankin ciyawa a wajajen Kurmin Biri da Abet a kudancin Kaduna: a killace kadada 4 kusa da ruga, a shuka wata ciyawa dangin wake mai suna sitailo, a riƙa sakin masu ciki da masu shayarwa su ci na 'yan sa'o'i kullum a rani. Inda makiyayi ke da tabbacin ba za a tashe shi ba, abin ya yi amfani. Inda babu tabbaci, ba wanda ya yarda ya kashe kuɗin waya. Har bambaron shinkafa da muke ƙonawa a fadamu ana iya inganta shi: kilo 4 na takin yuriya a narka a ruwa, a yayyafa wa kilo 100 na bambaro, a rufe ruf na mako uku. Amma ina gargaɗi, a nemi malamin dabbobi ya nuna, domin yuriya in ta yi yawa guba ce. A haɗa da allurar ciwon huhu da maganin hanta da na sammore, domin abincin da aka ba dabba mai cuta rabinsa na cutar ne.

Hanya ta biyu ita ce kame hannu daga ƙunar daji. Mafarauci yana cinna wuta don gafiya, manomi don sharar gona, makiyayi don sabon toho. A kudancin yankinmu, inda ciyawa mai daɗewa irin gamba take, wutar farkon kaka mai sanyi takan fito da toho. Amma a arewa, inda ƙarangiya da kyasuwa suke, waɗanda ke mutuwa duk shekara su bar iri, babu wani toho. Abin da wuta ta ci ya tafi sai wata damina. Wutar Fabrairu da Maris kuwa ta fi kowace muni, domin tana kashe ƙananan itatuwa, ta bar ƙasa tsirara ga iska da ruwan farko, hayaƙinta kuma yana ɗauke da metan. Kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi. A Jamhuriyar Nijar, bayan damina akan ɗauki mutanen karkara aikin share dogayen layuka a cikin makiyaya don wuta ta rasa abin kamawa in ta iso, ciyawar da aka share kuma a tara a sayar. Ba fasaha ce mai wuya ba.

Hanya ta uku ita ce itace. Duk cikin itatuwanmu babu abokin makiyayi kamar gawo. Yana zubar da ganye da damina, saboda haka ba ya yi wa shuka inuwa. Yana fitar da ganye da 'ya'ya a rani, daidai lokacin da dabba ke bukata. Saiwarsa kuma tana ƙara wa ƙasa taki. Ba banza ba ake ba da labarin tsananin hukuncin da sarakunan Damagaram suka ɗora wa mai sare gawo. A 1983 wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, da ke aikin dashen itatuwa a Maraɗi ba tare da nasara ba, ya lura cewa 'yan tsire-tsiren da manoma ke sassabewa duk shekara ba ciyayi ba ne, toho ne daga kututturen manyan itatuwa masu rai a ƙarƙashin ƙasa. Dabarar ita ce a zaɓi rassa uku zuwa biyar mafiya ƙarfi a bar su, a datse sauran. Mutanen Nijar suka sa wa abin suna sassaben zamani. Da manoma suka tabbata itacen da suka raina nasu ne, abin ya bazu a Maraɗi da Damagaram har aka ƙiyasta kadada miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200. Ba a kafa wurin renon dashe ba, ba a ɗauki tankar ban ruwa ba. Daga Katsina zuwa Maraɗi tafiyar 'yan sa'o'i ce. Wanda bai yarda ba ya je ya gani. Inda ƙasa ta riga ta zama faƙo, suna haƙa ramuka masu siffar rabin wata a fuskanci gangare, ruwa ya kwanta, a watsa irin ciyawa, a hana dabbobi shiga damina biyu ko uku.

Hanya ta huɗu, wadda ta fi kowace wuya, ita ce a bar saniya ta motsa, ƙasa ta huta. Ciyawa tana son a ci ta, a taka ta, a yi mata taki, sa'an nan a tafi a ba ta wuri. In garke ya daɗe wuri ɗaya, yakan cinye ciyawa mai daɗi kafin ta yi iri, sai tafasa da tumfafiya su gaje wurin. Tashi da saukar da Fulani ke yi tsakanin mashekarin damina da wurin cin rani ita ce hutun ƙasa, ko da yake ba a rubuta ta a littafi ba. Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa dokar keɓe wuraren kiwo a 1965, aka ware wurare irin su Kachiya da Wase da Ruma-Kukar Jangarai da Wawa-Zange. Jimlarsu a ƙasar ta kai kusan 415, amma waɗanda aka tabbatar a doka kimanin kashi ɗaya bisa uku ne kawai, kuma ko su noma da gine-gine sun ci da yawa, wasu kuma sun koma maɓoyar ɓarayin daji. Ba na cewa rashin makiyaya ne kaɗai ya haifar da ta'asar da ake yi a dazukanmu, amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Nijar ta fito da dokar kiwo a 2010 wadda ta amince cewa yawon kiwo haƙƙi ne na makiyayi. A nan gida an fito da shirin sauya fasalin kiwo a 2019, an kuma kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya a 2024. Muna fatan alheri.

Na san akwai masu cewa a killace shanu kawai a huta. Ban ƙi ba, inda akwai ruwa da abinci da kasuwar madara. Sai dai saniyar da aka killace ba waya take ci ba. Duk wanda ya ce a killace, ya faɗa mana inda ciyawar Afrilu za ta fito.

ABIN DA YA RATAYA A WUYANMU

'Yan uwa, in muka duba ɗakin nan za mu ga tsofaffin manyan sakatarori, alƙalai, hakimai, 'yan majalisa da 'yan kasuwa. Ba talakan ƙauye ne ke da katafila ba. Manyan gonakin da suka haɗiye burtali da mashaya, namu ne. Shanu da yawa da ake gani a hannun yara a daji, namu ne. Saboda haka ina da roƙo huɗu.

Na ɗaya, duk mai shanu a hannun wani ya je da ƙafarsa kafin kaka ta wuce, ya ƙirga masu haihuwa da marasa haihuwa, ya sayar da na sayarwa, ya ware kuɗin abincin rani kamar yadda yake ware kuɗin makaranta. Yawan ƙaho ba shi ne dukiya ba.

Na biyu, duk mai gona ya tambayi dattawan wurin, manoma da Fulani, ko akwai burtali ko mashaya a cikinta. In akwai, ya buɗe tun kafin a sare ɗan wani. Waɗanda kuma ke da sarauta ko ofis, kada hannunsu ya sa hatimi a kan takardar da ta cinye hanyar shanu.

Na uku ya shafi makarantar nan. Ƙungiyarmu ta gyara ƙofar shiga har sau biyu, kuma ta yi kyau. Ina ba da shawara a bana mu juya bayan makaranta. A daina ƙona ciyawar fili, a koya wa yara yanka ta a kan lokaci da ɗaure ta da adana ta, a sayar a bazara kuɗin ya shiga asusun aikin gona. A killace kadada biyu a shuka gamba da lablab. A bar kututturen da ke tsohuwar gonar makaranta su tashi ta hanyar sassaben zamani, kowane aji ya ɗauki nasa layin. Ni na ɗauki nauyin iri, kuma zan riƙa zuwa sau ɗaya a wata muddin ƙafa tana ɗaukata. Waya da rumfa na bar wa masu hannu da shuni, ga su nan ina kallonsu.

Na huɗu gare ku ne, jikokinmu. Ba kowa ne zai zama likitan mutane ko lauya ba. Ƙasar nan tana bukatar masana kiwo da masana ciyawa da ƙasa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarar 2026 don makiyaya da wuraren kiwo, alamar cewa duniya ta fara gane darajar abin da muke rainawa.

KAMMALAWA

Mai girma Shugaba, ba mu muka hura wutar da ke ɗumama duniya ba, kuma ba mu kaɗai za mu kashe ta ba. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Namu yoyon shi ne saniya mai yunwa, dajin da ake ƙonawa, kututturen da ake tumɓukewa da burtalin da ake toshewa, kuma duk huɗun muna iya gyara su ba tare da jiran kowa ba. Malaminmu ya ga nono yana tashi sama tun muna yara muka yi masa dariya. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Yanzu mu ne manyan, ya rage namu mu nuna wa na baya.

Ina neman gafarar duk wanda maganata ta taɓa. Kaina na fara taɓawa. Allah ya jiƙan malamanmu da abokanmu da suka riga mu, ya ƙara wa waɗanda ke raye lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya.